Lissafin Mahauta da Na'ura Mai Koyo

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ɗaliban wannan kwaleji, musamman 'yan sashen lissafi da na kwamfuta. Wannan ya ce in ya gama zai wuce jami'a ya zama mai bincike a kan na'ura mai koyo, wancan ya ce ai a zamanin nan wanda bai san wannan ilmi ba an bar shi a tasha. Malamai kuwa sun rabu biyu. Waɗansu suna ganin abin alheri ne. Waɗansu suna cewa an horar da yaro don ya riƙe alli, ga shi tun bai shiga aji ba yana neman ƙofar fita. Ni dai a ganina hanyar mai kyau ce, wanda Allah ya ba kai ya bi ta, amma bisa sharaɗi biyu: ya riƙe lissafi tun daga tushe, sa'an nan ya ɗauko tambayar da zai bincika daga ƙasar da ya ke takawa. Don in nuna abin da na ke nufi ba sai mun tafi Amurka ba. Unguwar Abbatuwa ta nan Jos ta ishe mu.

Kafin mu isa can, ya kamata mu san ko mene ne a ke magana a kai, gama sau da yawa suna ya kan riga ma'ana isowa. Ilmin iri biyu ne, amma uwa ɗaya uba ɗaya. Na farko shi ne lissafin neman mafi dacewa. Watau mutum yana da abin da ya ke so ya ƙaru, kamar riba, ko abin da ya ke so ya ragu, kamar hasara, ga kuma iyakokin da ba shi da ikon ƙetarewa, kamar jari da yawan ma'aikata da tsawon yini. Aikin wannan lissafi shi ne ya binciko, cikin dubban hanyoyin da za a iya bi, wadda ta fi duka. Na biyu shi ne koyar da na'ura. Maimakon a rubuta wa kwamfuta doka a kan ko wane abu, sai a jibga mata misalai masu yawa tare da amsoshinsu, ta yi ta gwadawa tana kuskure tana gyarawa, har ta kai ga ba da amsa a kan abin da ba ta taɓa gani ba. To, gyaran nan da ta ke yi neman mafi ƙarancin kuskure ne, ashe kuwa mun komo kan lissafi na farko ke nan. Wanda ya ce zai koyar da na'ura alhali bai san lissafin neman mafi dacewa ba, kamar direba ne da bai taɓa buɗe gaban mota ba. Zai yi ta tafiya muddin lafiya lau, ranar da ta tsaya masa a daji kuwa sai zuru.

SHANU NAWA ZA A YANKA YAU?

Mahaucin da ke fawa a Abbatuwa yana da tambaya guda da ke jiransa ko wace asuba: shanu nawa zai yanka yau? In ya yanka kaɗan, nama ya ƙare tun da hantsi, 'yan tuwo-tuwo da masu tsire su koma wurin wani, watakila ma ba su sake dawowa. In ya yanka da yawa nama ya kwana, wutar lantarki kuwa ba abin dogara ba ce, tilas ya karyar da shi. Ga kuma ranaku ba ɗaya su ke ba. Asabar dabam, tsakiyar mako dabam, ƙarshen wata da albashi ya shigo dabam, balle jajibirin Salla da na Kirsimeti.

A ce, don misali kawai, ko wane kilo da ya sayar yana cin ribar naira 600, ko wane kilo da ya kwana kuwa yana hasarar naira 200. Lissafi ya ce a raba ribar da jimlar riba da hasara, watau 600 bisa 800, kashi 3 cikin 4 ke nan. Ma'anarsa ita ce ya yanka gwargwadon abin da zai wadaci masu saye a kwana 3 cikin ko wane kwana 4. In kuwa firji ya mutu, hasarar kwanan nama ta tashi ta kai naira 600, sai lissafin ya koma 600 bisa 1,200, rabi ke nan, lalle ya rage yanka. Tsohon mahauci ba ya bukatar takarda kafin ya san haka, shekaru sun koya masa. Amma abin da ya sani yana cikin kansa, ranar da ya kau ya tafi da abinsa. Har wa yau, ba mai iya faɗin abin da zai wadaci kwana 3 cikin 4 sai in akwai rubutaccen tarihin ciniki na watanni da yawa. In an sami wannan tarihi, na'ura tana iya koyon yadda kasuwa ke hawa da sauka, lissafi kuma ya yanke yawan da ya dace. Kun ga yadda 'yan'uwan nan biyu su ke aiki tare.

Tambaya ta biyu ita ma tana da ƙafa a Abbatuwa. Ƙashin da a ke tarawa a mahauta, a ƙona a niƙa, yana shiga abincin kaji, Jos kuwa kowa ya san ta da kiwon kaji. Mai haɗa abincin yana da masara da waken soya da ƙuli-ƙuli da dusa da garin ƙashi, ko wanne da kuɗinsa, ko wanne da irin amfanin da ya ke yi wa jikin kaza. Yana so ya gauraya su yadda kaza za ta sami duk abin da ta ke bukata a kan kuɗi mafi ƙanƙanta.

Wannan tambaya tana da tarihi. A 1945 wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Stigler, ya ɗauki abinci iri 77 da abubuwan gina jiki iri 9, ya nemi mafi arahar cimar da za ta riƙe namiji baligi shekara guda. Ba shi da dabarar warwarewa, sai ya yi ta gwaji da ƙiyasi har ya tsaya a kan dala 39 da santi 93, bisa farashin 1939. A 1947 George Dantzig, wanda ke yi wa mayaƙan saman Amurka aikin lissafi, ya fito da wata dabara ta bin kusurwa-kusurwa, ana matsawa daga amsa zuwa wadda ta fi ta, har a iske inda ba sauran gyara. Aka gwada ta a kan tambayar Stigler. Akawu 9 da injinan lissafi na hannu suka yi aikin da ya kai na mutum guda a kwana 120, amsa ta fito dala 39 da santi 69. Santi 24 kaɗai ne tsakani! Sai dai Stigler dace ya yi da ƙwarewa, dabarar Dantzig kuwa tana zuwa da hujjar cewa babu amsar da ta fi wadda ta bayar. Nan gwani da mai bincike su ke rabuwa. A 1951 Frederick Waugh ya ɗora wannan lissafi a kan abincin shanun madara. Aikin da akawun nan 9 suka sha wahalarsa, yau wayar da ke aljihun ɗalibi za ta gama shi kafin ƙiftawar ido.

Tun kafin su duka, a 1939, Leonid Kantorovich na birnin Leningirad a ƙasar Rasha ya riga ya gano irin wannan lissafi. Abin da ya kai shi kuwa wata masana'antar falankin katako ce da ta tambaye shi yadda za ta raba aiki tsakanin injinanta. A 1975 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Tjalling Koopmans. A lura da kyau, jama'a. Ɗaya daga tukunyar abinci ya fara, ɗaya daga katako. Wa ya ce nama da ƙashi sun yi ƙanƙanta da zama tushen bincike?

Tambaya ta uku ta shafi ido. A kasuwannin shanu na ƙasar nan, har da Kara ta Bukuru, da ido a ke ciniki. Dillali ya dubi tozo da ƙirji da cinya, ya shafa, ya faɗi kuɗi. Ana iya koya wa na'ura ta ƙiyasta nauyin sa daga hoto, amma sai an nuna mata dubban hotunan shanu tare da nauyinsu na gaskiya. Na'urar da ta koya da shanun Turai marasa tozo, in aka kawo ta gaban Bunaji ko Rahaji ko Bokoloji, tana iya sheƙa ƙarya ba tare da ta san ƙarya ta ke yi ba. Wa zai tara mata hotunan namu in ba mu ba?

Haka kuma likitocin dabbobi da ke duba nama su kan tarar da hanta mai tsutsa, da huhu mai alamar tarin fuka, da saniyar da aka yanka da ciki. Masanan Vom da na Jami'ar Jos sun sha rubutu a kan irin waɗannan. In da za a tattara abin da ke cikin rajistocin dubawa na shekaru, a tsara shi, da na'ura ta taimaka wajen gano lokacin da wata cuta ke tashi da kuma hanyar da dabbobin suka biyo, ko da ya ke hukuncin ƙarshe yana hannun likita. Ita kanta cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom darasi ce gare mu. An kafa ta a 1924 sabo da cutar bushiya da ke ƙare shanu, ba a kuwa ba da sanarwar kawar da bushiya daga duniya ba sai 2011. Shekara 87 ke nan. Mai gaggawa ba shi da rabo a wannan sana'a.

GANGAROWA CIKIN HAZO

To, yaya na'ura ta ke gyara kuskurenta? Ku ɗauka mutum yana bisa Dutsen Shere, hazo ya rufe ko ina, ba ya ganin ko tafin hannunsa, yana so ya sauka ƙasa. Abin da zai yi shi ne ya laluba da ƙafa, ya ji inda ƙasa ta fi gangarawa, ya yi taki ɗaya wajen, ya sake lalubawa. Tudun shi ne kuskure, ko wane taki kuwa gyara ne. In takinsa ya cika faɗi, ya tsallake kwari ya haye wani tudu. In ya cika ƙanƙanta, dare ya yi masa a hanya. Yana kuma iya gangarawa cikin wani tsohon ramin kuza irin waɗanda suka cika ƙasar nan, ya ji tudu ne kewaye da shi ta ko wane gefe, ya zaci ya iso, alhali gari yana can ƙasa da nisa. Girman taki, da saurin isa, da kuɓuta daga rami, su ne tambayoyin da masu bincike su ke ƙare rayuwarsu a kai.

Bafaranshen nan Augustin Cauchy ne ya rubuta wannan dabara ta gangarowa a 1847. A 1951 Herbert Robbins da Sutton Monro suka nuna cewa ko da lalubawar ba ta cika daidai ba, mutum zai isa muddin yana rage girman takinsa bisa ƙa'ida. Sabo da haka ba sai na'ura ta duba dukan misalanta kafin ko wane taki ba, 'yan kaɗan sun isa. A 1959 Arthur Samuel na kamfanin IBM ya ba da labarin kwamfutar da ta koyi darar Turawa ta hanyar yawan bugawa. A 1986 David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka yaɗa hanyar bin sawun kuskure daga amsa a koma baya, ko wane sashe na na'urar a ɗora masa rabonsa na laifi a gyara shi. Sai a 2012 abin ya fashe, sa'ad da ɗaliban Hinton biyu a Jami'ar Toronto ta Kanada suka shiga gasar gane hotuna. Na'urarsu ta koya da hotuna fiye da miliyan guda, kuskurenta ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100, na mai bi mata kuwa wajen kashi 26. A 2024 aka ba Hinton da John Hopfield kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks.

Daga Cauchy zuwa gasar nan shekara 165 ne. Abin da ya riƙe ginin duka kuwa shi ne kalkulas, da aljabara, da ƙididdiga, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, watau darussan nan da waɗansunmu su ke gudu, su ke addu'ar a tsallake jarrabawarsu ko ta halin ƙaƙa. Manhajar da a ke yayi bana, baɗi an manta da ita. Lissafin Cauchy kuwa yana nan bai tsufa ba. Wannan shi ne sharaɗina na farko.

BA BAƘI BA NE MU

Kada wani ya ce wannan fage na Turawa ne. Kalmar da su ke kiran jerin matakan warware lissafi da ita, daga sunan Alkawarizmi ta fito, malamin da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 9, kalmar aljabara kuwa daga sunan littafinsa. A ƙasar Hausa an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda a 1732 ya rubuta hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda ko ta ina ka haɗa jerinsa jimla ɗaya za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamanin boko Chike Obi ya sami digirin dakta na lissafi a Kambirij ta Ingila a 1950. Farfesa Iya Abubakar, mutumin Adamawa, shi ma a Kambirij ya yi nasa, ya riƙe sashen lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Marigayi Farfesa Charles Chidume, wanda ya rasu a 2021, ya yi shekaru yana koyarwa a cibiyar ICTP ta birnin Tiriyaste a Italiya, daga baya ya komo Abuja ya yaye ɗalibai da yawa a kan dabarun kusantar amsa taki bayan taki. A Jami'ar Bayero ta Kano malaman lissafi sun kafa ƙungiyar bincike a kan lissafin neman mafi dacewa, takardunsu sun fito a mujallun duniya.

Ta fannin harshe ma an motsa. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a ƙarshen 2013. A 2019 aka kafa ƙungiyar Masakhane, ta 'yan Afirka masu koya wa na'ura harsunan Afirka. A 2022 aka fito da NaijaSenti, tarin gajerun saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, wajen 30,000 a ko wane harshe in ban da Turancin buroka da nasa bai kai haka ba, waɗanda mutane suka zauna suka rarrabe na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Malaman Jami'ar Bayero suna cikin jagororin wannan aiki. Abin da ya sa duniya ta waiwaye su shi ne sun kawo abin da ba kowa ke da shi ba, watau harshen da suka sha a nono. Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Wannan shi ne sharaɗina na biyu.

TSAWON HANYA DA ƘAYARTA

Mai son bin wannan hanya ya san tsawonta tun da wuri. Shekara 3 a nan don NCE, sa'an nan digiri na farko, da bautar ƙasa, da digiri na biyu, da na dakta. In an haɗa duka ba za a rasa shekara 10 ba, sau da yawa ma ya fi. Ƙofofi kuwa akwai su. Ga Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 tana reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ga Zariya, ga Kano. Ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda kusa da Abuja, ga jami'ar AUST da aka kafa a Abuja a 2007. A waje akwai cibiyar AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta yi rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, ta kan kuma ɗauki nauyin ɗaliban da ta zaɓa. A 2018 ta buɗe digiri na biyu a kan na'ura mai koyo a birnin Kigali, ƙarƙashin Moustapha Cissé ɗan Senegal. Taron Deep Learning Indaba, inda masu wannan bincike na Afirka su ke haɗuwa, ya fara a Johannasbag a 2017. Malamin da ke aiki a kwaleji ko jami'ar gwamnati kuwa yana iya neman tallafin ƙaro karatu daga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa.

Amma ba zan ruɗe ku ba, hanyar tana da ƙaya. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 9, a 2022 kuma na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ya shirya gama digiri na biyu cikin shekara 2 ya tarar da kansa yana ƙirga ta 3 ko ta 4. Albashin ƙaramin malami ba ya kai wata. Aji ya cika maƙil, takardun jarrabawa tuli, sa'an nan a ce ya yi bincike da dare, in akwai wuta. Wanda ya yi fice kuwa kamfanonin waje suna miƙo masa abin da jami'ar gida ba ta iya biya, ba ni kuwa ganin laifin wanda ya karɓa, ko da ya ke kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ƙayar da ta fi ba ni tsoro dabam ce. Ƙarin girma a manyan makarantu ya rataya a kan yawan takardun da malami ya buga. Da ya ke ƙirga a ke yi, sai waɗansu suka koyi ƙera takarda kamar yadda a ke buga bulo. A ɗauko dabarar wani, a sauya harafi ɗaya, a gwada ta a kan misalan da kowa ya riga ya gwada, a ce an yi sabon abu. Akwai ma mujallun da ba su duba kome, kuɗi kawai su ke karɓa. Abin mamaki, masu lissafin neman mafi dacewa su ya kamata su fi kowa gane wannan cuta, gama sun sani in ka ba na'ura ma'aunin da bai dace ba, za ta cika maka shi har ya batse, ta bar ainihin abin da ka ke so. Mutum ya kai farfesa da takardu 60, amma ba mahauci ɗaya ko mai kaji ɗaya da ya amfana, ba kuma wata sabuwar hujja da ya ƙara wa lissafi. Wannan ya faɗa ramin kuza yana zaton ya iso gari.

Masu cewa ba mu da kayan aiki suna da gaskiya ta wani gefe. Manyan na'urorin nan masu hira da mutane ana kashe miliyoyin daloli kafin a koyar da su, ba kuwa wata kwaleji tamu da za ta shiga wannan tsere. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Tabbatar da cewa wata dabara za ta kai ga amsa, fensir da takarda da haƙuri ya ke bukata. Tambayoyin nan uku na Abbatuwa ƙaramar kwamfuta ta ishe su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tashi da asuba ya je ya tsaya ya rubuta.

ABIN DA YA RAGE GA KWALEJI

Saura maganar malaman da ke cewa ƙasa malaman aji ta ke bukata. Wannan gaskiya ce, ba kuwa na ce kowa ya tafi ba. Cikin aji guda 'yan kaɗan ne za su jure wa wannan tafiya, sauran kuwa aikinsu bai gaza na waɗancan daraja ba. Ku dubi lissafin mahaucin nan, 600 bisa 800. Ashe ba darasin kashi-kashi ne na makarantar firamare ba? In malamin firamare ya koyar da shi da bulala da hadda, yaro ya tsani lissafi har abada, an yi hasarar mai bincike tun kafin a san da shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Shi kuma wanda ya wuce jami'a ai bai ajiye alli ba, aji ya sauya. Wanda ya sami horon koyarwa a nan ya riga takwarorinsa sanin yadda a ke sa mai wuya ya zama mai sauƙi, wannan kuwa rabin aikin mai bincike ne.

Sabo da haka ina ba hukumar kwaleji da sassanmu shawara uku. Ta farko, aikin binciken da ɗalibi ya ke yi a shekarar ƙarshe ya daina zama kwafe-kwafe daga intanet. A tura yara biyu-biyu zuwa Abbatuwa da Kara da gidajen kaji, su rubuta abin da suka gani na wata 3, 'yan baya su ɗora daga inda suka tsaya, har kwaleji ta tara abin da ba wanda ke da shi. Amma a shiga ta ƙofa. A fara da gaishe da Sarkin Fawa da shugabannin kasuwa, a faɗa musu gaskiyar abin da a ke nema, a yi alkawarin ba za a bayyana sunan kowa ko cinikinsa ba, gama ɗan kasuwa in ya ga baƙo da biro ya kan zaci mai haraji ne. In an gama a koma a gaya musu abin da aka gano da harshen da su ke ji.

Ta biyu, a kafa zaman karatu sau ɗaya a mako, malamai da ɗalibai, a ɗauki takardar bincike guda mai kyau a bi ta layi-layi a kan allo har kowa ya gane, ko da za ta ci wata guda. A tabbata 'yan mata suna ciki, suna kuma riƙe alli, don lissafi bai san namiji ko mace ba. Ta uku, ɗalibin da ya gwada abu bai yi ba, ya zo ya faɗi gaskiya da dalilinsa, a ba shi maki mai kyau, ya fi wanda ya gyara lambobi don su yi daidai da abin da malam ya ke so. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a fagen bincike ma ya fi ko ina ƙurewa.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai masu wannan buri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku koma kan kalkulas da aljabarar da ke gabanku a wannan zango, ku warware ko wace tambaya da hannunku. Ku koyi rubuta Turanci mai tsabta, ku kuma iya bayyana abin da kuka sani da Hausa ko da harshen gidanku, har kakarku ta gane. In kun je hutu ku buɗe ido a kasuwa da tasha da gona, ku tambayi masu sana'a abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Mai nema yana tare da samu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani jama'armu da shi, amin.